Kantar kicin ta zubi: wane ruwa zan saya, mai araha ko mai tsada?

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Kano, shekarata 11 ina haɗa kabad-kabad na kicin. Wata Hajiya da na daɗe ina yi wa aiki ta ga irin kantar nan da ake zuba wa ruwan roba ta fito kamar farin mabul, ta ce ita take so a sabon gidanta. Kantar jikin bango tsawonta mita 4, faɗinta santimita 60, sai ta tsakiyar kicin mai tsawon mita 1.8 da faɗin santimita 90. Na yanke mata kuɗi har na karɓi kafin alƙalami, alhali sau biyu kawai na taɓa zuba wannan ruwa, shi ma a kan ƙaramin tebur. Da na shiga kasuwa sai na tarar da iri huɗu: na masu aikin faiba mai araha ƙwarai, da wani ifoksi (ruwan roba mai zuwa kashi biyu, A da B, da ake haɗawa ya daskare) da ake aunowa daga jarka ba takarda a jikinsa, da wani mai tsinkewa da aka ce na zubi mai kauri ne, sai na kwali mai sunan kamfani wanda kuɗinsa ya ninka na jarka. Da na jarka na yi lissafina. In na sayi na kwali ba zan fita ba, in na sayi mai araha kuma ina tsoron jin kunya. A watan Afrilu za a yi aikin. Yaya zan yi?
Wani kafinta, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya tun ruwan yana shagon mai shi, domin wannan aiki ne da ba a cewa a sake. Da zarar ya daskare, abin da ka yi ya zauna.

Biyu daga cikin huɗun nan ka cire su daga ranka tun yanzu, ba don kuɗinsu ba, don ba na wannan aikin ba ne.

Na masu faiba foliyesta ne. Za ka gane shi da warinsa mai hawa kai, kuma ba rabi da rabi ake haɗa shi ba, ɗigon wani ruwa ake sa masa mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Idan yana daskarewa yakan tsuke sosai, ya fi kashi 5 cikin 100 sau da yawa, shi ya sa a kan katako mai faɗi yake jan kansa daga gefe, ya ɗago ko ya tsage. Fuskar da iska ke taɓawa takan zauna da danƙo sai an sa masa kakin da ke rufe ta. Masana'antun da ke yin mabul na roba suna amfani da shi, amma a cikin mazubi suke zuba shi, haɗe da garin dutse, kuma fuskar da ke manne da mazubin ita ce ke zama sama. Aikinka ba haka yake ba. Ruwan MEKP ɗin ma kansa in ya faɗa ido yana iya makantarwa.

Mai tsinkewar nan kuwa, wanda za ka ga an rubuta "deep pour" a jikinsa, ifoksi ne na gaskiya, wani lokaci ma ya fi na kwalin tsada. An yi shi ne don cike rami mai zurfin santimita 3 zuwa 5 ko fiye, irin teburin da ake haɗa katako biyu a zuba ruwa a tsakaninsu. Da gangan aka sa shi ya riƙa daskarewa a hankali don kada ya yi zafi ya ƙone kansa. Ka shimfiɗa shi milimita 2 a kan kanta, zai gangara ta gefe ya bar maka baki tsirara, ya kwana biyu ko uku yana jiƙe yana kwasar ƙura da ƙwari. Haka kuma akasinsa: ifoksin shafe kanta in ka zuba shi ya wuce kaurin milimita 6 a zubi ɗaya, zai yi zafi, ya yi rawaya, ya tsage.

Saura biyu ke nan, na jarka da na kwali. Kafin ka kwatanta kuɗinsu, ka san kilo nawa aikin zai ci, domin da yawa daga masu faɗuwa a wannan aiki a nan suke faɗuwa, ba a wajen zaɓen iri ba.

Lita 1 tana rufe murabba'in mita 1 a kaurin milimita 1. Kantar bango murabba'in mita 2.4 ce, ta tsakiya 1.62, jimilla kusan 4. Ƙara bakunan da ruwa zai gangara ya rufe, in kaurin bakin santimita 4 ne, wajen 0.4. Ka riƙe 4.4. Kada ka cire ramin wurin wanke-wanke da na murhu daga lissafi, ruwan da zai zauna a wurin shi ne zai zube ta cikin ramin. Aikin da aka saba yana da hawa uku: shafen farko mai siriri da ke toshe ƙofofin katako, wajen mililita 300 a kowane murabba'in mita, wato lita 1.3, sai zubin launi na milimita 1.5, lita 6.6, sai zubin sama garai-garai, shi ma lita 6.6. Kowane zubi ka ƙara masa kashi 15 cikin 100 saboda abin da zai ɗiga ƙasa da wanda zai maƙale a bokiti. Lita ɗaya ta haɗaɗɗen ifoksi tana da nauyin kilo 1.1 ko kusa da haka. Idan ka tattara, shafen farko kilo 1.5, zubi biyun kilo 8.5 kowanne, duka kilo 18.5. Duba takardar da ka yi lissafinka, mai yiwuwa ba ka kai nan ba.

Wajen tambayar farashi ma akwai tarko. Wani mai kaya zai faɗa maka kuɗin lita, wani na kilo, wani kuma kuɗin ruwan A kaɗai zai faɗa, sai ka zo biya ya ce ruwan B, wato mai daskarar da shi, daban ne. Ka mai da kowanne zuwa kuɗin kilo ɗaya na haɗaɗɗen A da B, sannan ka kwatanta.

To me ke sa wani ya ninka wani? Ruwan A a yawancinsu asalinsa ɗaya ne, ifoksin da ake yi da sinadarin bisfinol A. Bambancin ya fi yawa a ruwan B da abubuwan da ake ƙarawa. Ruwan B mai kyau na aikin ado fari ne tas kamar ruwan sha, ba ya saurin canja launi, kuma ba ya fitar da maiƙo a fuskar aiki idan akwai laima a iska. Mai araha yakan zo da ɗan ruwan zuma tun a kwalba, irin wanda aka yi don daɓen ƙasan masana'anta ko manne abubuwa, inda ba wanda ya damu da launi. Sai sinadaran kariya daga hasken rana, waɗanda za ka ga an rubuta HALS a takardar kamfani. Suna da tsada, kuma su ake fara cirewa idan ana son a rage farashi. Na uku shi ne sirki. Ana tsinka ifoksi da sinadarai masu araha don ya yi yawa ya kuma yi sauƙin zuba. Wani sirkin yana tashi a iska, sai aikin ya tsuke ya bar ƙananan ramuka. Wani yana zama a ciki, sai aikin ya ƙi yin tauri yadda ya kamata, ka danna farce bayan mako ya bar shaida.

Ba muna cewa duk na jarka gurɓatacce ba ne. Wani daga babbar ganga ta kamfanin kirki aka ɗebo shi, arahar tasa ta rashin kwali ce kawai. Matsalar ita ce ba ka da hanyar sani da ido. Ruwan B yana shan laima da iska duk lokacin da aka buɗe jarka, ga shi ba ka san watan da aka yi shi ba, alhali yawancin kamfanoni shekara guda suke ba kayansu a rufe. Mafi muni, awon haɗin daga bakin mai shago za ka ji shi. Ifoksin kanta da yawa ɗaya da ɗaya ake haɗa shi a mudu, amma a sikeli ba ɗaya da ɗaya ba ne, domin A ya fi B nauyi. Yakan kama wajen giram 100 na A da giram 85 na B, kuma kowane kamfani da nasa adadin. Wanda aka ce masa "ɗaya da ɗaya" ba a faɗa masa a mudu ko a sikeli ba, caca yake yi da kilo 18.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata ka ajiye a waje. Wanda ya saba da foliyesta ko fotin gyaran mota ya san in ya ƙara ɗigo abu zai yi saurin kamawa. Ifoksi ba ya haka. Kowane ɓangare na A yana neman abokinsa a B, abin da ya yi rara zai zauna a ciki bai daskare ba har abada. Ƙarin B ba ya kawo sauri, laushi da danƙo yake kawowa.

Na kwalin ma kada ka yarda da shi don kwalinsa. Nemi takardar bayanin kamfani, ko a jikin kwali ko a shafinsu na intanet. Abubuwan da za ka duba kaɗan ne: awon haɗi a mudu da a sikeli, ko an rubuta "100% solids", wato ba sirkin da zai tashi, taurinsa a ma'aunin Shore D, wanda ya kamata ya kai 80 ko ya wuce, mintin da za ka samu kana aiki kafin ya fara kamawa, da zafin da aka auna hakan a kai, sai adadin da ake rubutawa HDT ko Tg, wato zafin da yake fara laushi. Idan an ce ya dace da taɓa abinci, ka ga ko sun ambaci ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka mai lamba 21 CFR 175.300. Kamfanin da ba shi da wannan takarda, kuɗin kwali kawai za ka biya.

Tunda sai Afrilu, kana da lokacin yin abin da ya fi duk wannan bayani amfani. Sayi kilo ɗaya na kowanne. Yanka allo biyu-biyu na santimita 30 da 30 daga irin katakon da za ka yi aikin da shi, ka shafa musu farin fenti, in ya bushe ka zuba wa kowanne giram 300. Daga wannan haɗin ka zuba giram 100 daidai a faranti mai faɗi da ka riga ka auna, ka ajiye. Wani giram 100 kuma ka bar shi a kofin roba ka duba agogo, ka ga minti nawa zai yi kafin ya yi ɗumi ya fara kauri. Bayan awa 72 ka danna farce a allon da ƙarfi, bai kamata ya bar komai ba. Bayan kwana 7 ka sake auna farantin: in ya ragu da fiye da giram 2, akwai sirki mai tashi a ciki. Ran nan kuma ka cika kofin silba da tafasasshen ruwa ka ɗora minti 10, ka ɗaga ka ga ko ya bar zobe. Ka ɗiga manja, kurkum da aka dama, zoɓo da tumatirin gwangwani, su kwana, da safe ka goge da sabulu. Ka ja kwabo a kai, ka ja gindin kofin tangaran. Allo na biyu ka rufe rabinsa da kwali ka ajiye a rana mako biyu, sannan ka buɗe ka kwatanta ɓangarorin biyu. Ranar Kano ba ta ɓoye wa kowa aibi. Mai rauni tun kafin mako biyun zai koma ruwan shayi.

Idan na jarka ya ci wannan jarrabawa, ka koma ka sayi duk abin da kake bukata daga jarkar nan da ka gwada, a rana ɗaya. Jarkar da za a buɗe gobe wani kaya ne daban.

Yanzu ga maganar kuɗi. Don sauƙin lissafi mu ce kilon na jarka 10 ne, na kwali 20. Duka da na jarka 185. Duka da na kwali 370. In ka yi da na jarka ya lalace ka sake da na kwali, 555, ban da katakon da za ka zubar, da kwanakin da za ka yi kana kankare danƙo da ba ya gogewa da samfefa, da abin da Hajiya za ta gaya wa ƙawayenta. Araha ba ta ado, amma wannan ba ya nufin sai ka biya 370. Akwai hanya biyu a tsakani.

Ta farko, ka yi shafen farko da zubin launi da mai araha, kilo 10, ka ajiye mai tsada don zubin sama, kilo 8.5. Ya kama 270. Zubin sama shi ke haɗuwa da kofi, wuƙa, manja da soso, nan ne ingancin ke aiki. Sharaɗi shi ne na ƙasan ya daskare sarai, ka goge shi da samfefa mai lamba 220 har ƙyallinsa ya mutu, ka share ƙurar, sannan ka zuba na sama. Kada ka taɓa haɗa A na wani da B na wani. Sai dai wannan dabara ta launi mai duhu ce: baƙi, ruwan ƙasa, kore mai duhu, toka. Hajiya fari take so, kuma idan zubin ƙasa ya yi rawaya, ta cikin na sama za a hango shi kamar ta gilashi.

Don haka a aikinka hanya ta biyu muka fi so. Ka bar zubin launi gaba ɗaya. Shafa wa katakon farin fenti na share fage mai kama jiki, hannu biyu, sannan ka zana jijiyoyin mabul da fentin akirilik na ruwa, ruwan toka, da siririn buroshi ko gashin tsuntsu, kana tausasa su da busasshen buroshi tun suna ɗanye. Ka bar shi ya bushe aƙalla awa 24, domin ruwan da ya rage a fenti zai sa ifoksi ya yi hazo. Fentin mai ba ya shiga wannan aiki. Daga nan sai shafe mai siriri na ifoksin kirki, kilo 1.5, sai zubi ɗaya na milimita 2, wanda da rararsa zai ci kilo 11. Duka kilo 12.5 na mai tsada, wato 250. Ka ga ya fi haɗin gambizar sauƙi, kuma babu mai araha ko ɗigo a ciki. Abin da za ka rasa shi ne zurfin nan da launi ke yi idan yana iyo a cikin ruwan kansa. Abin da za ka samu kuma, ga mutumin da sau biyu ya taɓa zubi, yana da girma: zane da fenti ba ya gaggawa, in jijiya ba ta yi ba sai ka shafe ka sake, ba kamar zanen cikin ifoksi ba da ake yi agogo na bin mutum.

Agogon nan shi ne babban abokin gabarka a Afrilu. Mintin da kamfani ya rubuta a zafin digiri 25 ko ƙasa da haka aka auna shi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage shi da kusan rabi. Minti 30 zai koma 15 a digiri 35, kuma a bazarar Kano rana tana kai 40. A nan mai tsada mai dogon lokacin aiki, minti 40 zuwa 45, ya cancanci kuɗinsa fiye da ko'ina. Ruwan ya kwana a ɗaki mafi sanyi a gidan. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki, a kunna ta tun awa biyu kafin zubi, da janareto a gefe, amma kada iskarta ta bugi kantar kai tsaye. Idan babu, zubin sama da asuba. Shafen farko kuwa da yamma ya fi, lokacin da zafi ke sauka, domin katakon da ke ɗumama yana fitar da iska ta zama kumfa. In dare ya same ka, ka kashe fitilar da ke saman kantar, ƙwari haske suke bi. Kada ka haɗa fiye da lita 3 a bokiti ɗaya. Juya minti 3 kana kankare gefe da gindi, ka juye a wani bokiti mai tsabta, ka ƙara minti 2, sannan ka zube shi duka a kan kantar nan take. Wanda aka bari a bokiti yana tara zafi, cikin mintuna kaɗan zai iya yin hayaƙi ya narkar da robar. Kada ka kife bokitin ya tsane a kan aiki. Abin da ke manne a gefensa bai haɗu sosai ba, shi ke barin tabo mai danƙo. Kantar tsakiya daban, ta bango daban, kuma ka samu yaro ɗaya da aikinsa haɗi kawai yayin da kake shimfiɗawa. Kowa da safar hannu ta naitiril da tabarau, taga a buɗe daga ɓangaren da ba ƙura. Ruwan B yana sa ƙaiƙayin fata da in ya kama mutum ba ya sakin sa, kuma kada a wanke hannu da tina, sabulu da ruwa ne maganinsa.

Ruwa mai tsada ba zai gyara katako mara kyau ba. Wajen wanke-wanke ka sa filawud mai kyau na milimita 18. MDF, wato allon garin katako da aka matse, yana da santsi amma in ruwa ya same shi ta ƙasa zai kumbura ya ɗaga ifoksin. Yanke ramukan tun kafin zubi, ka shafe bakinsu da ƙasan kantar da ifoksi. Gefen sama ka zagaye shi kaɗan, kamar milimita 3 zuwa 6, saboda ruwa ba ya zama a kan kaifi. Toshe duk haɗi da kan ƙusa. Sa ma'aunin lebur tsaye da kwance. Karkatar milimita 2 a tsawon mita 4 ta isa ta sa zubin milimita 2 ya fi taruwa a gefe guda. Silikon da man shafe kabad su nisanci wurin har a gama, ɗan kaɗan daga cikinsu ke sa ruwa ya dare ya bar ido-ido kamar na kifi. Kumfa kuma da harshen wutar gas ake fasa ta, daga nisan santimita 15 zuwa 20, hannu na tafiya ba ya tsayawa, sau biyu ko uku cikin rabin awar farko.

Sauran magana tsakaninka da Hajiya ce, kuma ita ce ta fi muhimmanci, domin akwai abu biyu da ko mafi tsadar ifoksi ba zai yi mata ba.

Na farko zafi. Ifoksin da ya daskare a zafin ɗaki yawanci yana fara laushi tsakanin digiri 50 da 60. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali, 200 ko fiye, suna nufin ba zai ƙone ba in abu ya taɓa shi na ɗan lokaci, ba wai ba zai bar shaida ba. Man suya yana kai digiri 180, kuma tukunyar tuwo da aka sauke daga wuta tana da zafi da nauyi a tare. Gidan da ake girki na gaske, da masu aiki da yara, wata rana sai an dire tukunya a kai. Shawararmu ka sa dutsen giranit ko farantin ƙarfe mara tsatsa santimita 40 a kowane gefen murhu. Hakan zai kare aikin, ya kuma rage maka kusan rabin murabba'in mita na zubi.

Na biyu launi. Duk ifoksi yana yin rawaya da shekaru, mai kyau a hankali, mai araha da sauri, kuma fari ne ya fi nuna hakan. Idan akwai tagar da rana ke faɗowa kan kantar, a sa labule. Shafen foliyuretan, wani fenti garai-garai da ake haɗa ruwa biyu a yi shi, irin wanda ba ya rawaya, a kan ifoksin bayan an goge shi da samfefa 320, yana ƙara juriya ga ƙarce, kuma mai dusasshen ƙyalli yana ɓoye sawun amfani fiye da mai sheƙi. Ba ya cin ruwa da yawa, bai kai lita ɗaya ba a aikinka, amma yana bukatar takunkumi mai tace sinadari, kuma zai rage sheƙin nan na gilashi da wataƙila shi ya ja hankalinta. Ka nuna mata duka biyun a kan allo ta zaɓa.

Ka ɗauki allunan gwajinka ka je mata da su, har da wanda ya yi rawaya da wanda kofi ya bar wa zobe. Ka ce: "Hajiya, na yi kuskure a lissafin farko, da wannan na yi shi, ga kuma yadda ya koma a mako biyu. Wanda zai zauna miki ga shi, ga bambancin kuɗin." Mutumin da ka daɗe kana yi wa aiki zai fi karɓar wannan yau fiye da uzuri bayan wata shida. Ka je da farashin giranit na faɗin nan a hannunka, domin in kuɗin ifoksi ya matso kusa da na dutse, gaskiya ita ce dutse ya fi dacewa da kantar bango inda ake girki, a bar ifoksi ga ta tsakiya inda ake ajiye faranti da shan shayi. Kantar tsakiya kaɗai, ta hanyar fenti da zubi ɗaya, kilo 5 zuwa 6 za ta ci, kuma wannan zai shiga cikin kuɗin da ka riga ka yanke ko da da na kwali ne. In ta dage sai fari, sai duka biyun, kuma ba ƙarin ko sisi, ka mayar mata da kuɗin wannan ɓangaren ka riƙe aikin kabad ɗinka.

Idan kun daidaita, ka rubuta mata sharuɗɗan a takarda ta ajiye: ba a ɗora tukunya ko kasko sai a kan katako, ba a yanka a kai sai da allon yanka, ba soson ƙarfe, kurkum da manja a goge su nan take. Bayan zubi ka rufe ƙofa da tagogi, ka kafa rumfar leda a sama da kantar ba tare da ta taɓa ta ba, ka bi ƙasan baki da katako kana share ɗigo duk rabin awa har ya daina zuba. Awa 72 kafin a taɓa, kwana 7 kafin a ɗora wani abu mai nauyi ko a kafa murhu da wurin wanke-wanke, kuma a yi wata guda ana lallaɓa ta kafin ta gama taurinta. Makullin kicin ɗin ya zauna a aljihunka kwana ukun farko, don masu fenti da masu wayarin wuta ba za su san abin da ke ƙarƙashin ledar ba.